Baƙin Tsuntsayen Hunturu: Me Ya Sa Ake Ƙirga Su, Kuma Me Ganin Wanda Ba A Saba Gani Ba Yake Nufi?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, akwai abubuwa biyu da kan sake bayyana kusan kowace shekara a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Na farko shi ne hoton wani tsuntsu da aka kama ko aka harbo a fadama, da zoben ƙarfe a ƙafarsa mai ɗauke da lambobi da sunan wani birni na Turai, wani lokaci har da 'yar na'ura mai eriya ɗaure a gadon bayansa. Kafin la'asar hoton ya gama zagaya WhatsApp da Facebook, wasu na cewa ɗan leƙen asiri ne, wasu na cewa sammu aka yi aka turo shi. Na biyu shi ne ganin wasu mutane a tsakiyar watan Janairu cikin kwalekwale a tafkin Nguru, ko a bakin ruwan Dagona da Baturiya, riƙe da madubin hangen nesa da littafin rubutu, ba kifi suke kamawa ba, ba su kuma harbin komai, sai dai su ƙura wa tsuntsaye ido suna rubuta lambobi. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, kuma idan aka bi diddigi za a tarar maganar ta fi shafar mai noman shinkafa da masunci da mai kiwon kaji fiye da yadda ta shafi Baturen da ya ɗaura zoben.

Mazauni, baƙon damina, baƙon hunturu da ɓatacce

An rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 900 a Najeriya, kuma masana sukan duba yadda kowanne yake zama a wuri kafin su ce komai game da yawansa. Akwai mazauni, wanda yake nan rani da damina, irin su hankaka da hasbiya da fakara. Akwai mai ƙaura a cikin Afirka, wanda shamuwa ce fitacciyar misalinsa: takan iso da ruwan farko ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, idan kaka ta yi kuma ta nufi gabashi da kudancin nahiyar, inda damina take farawa a daidai lokacin da tamu take ɗaukewa. Akwai baƙon hunturu, wanda yake ƙyanƙyasa a Turai ko yammacin Asiya, ya iso mana tsakanin Satumba da Nuwamba, ya koma tsakanin Maris da Afrilu. A cikin wannan rukuni akwai agwagwar ruwa da Turawa ke kira gargani, da agwagwa mai tsinin wutsiya, da farar shamuwar Turai wadda ta fi tamu girma, da wani tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da ake kira raf, wanda ke taruwa dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi, da tsattsewar Turai, da ƙananan tsuntsaye masu yawa da ke bin ƙaya suna cin ƙwari ba tare da kowa ya kula da su ba.

Sai kuma ɓatacce, wato tsuntsun da iska ta kora ko ya kuskure hanya ya sauka a inda danginsa ba sa zuwa. Shi ne ya fi jan hankalin masu kallon tsuntsaye, kuma shi ne ya fi ƙarancin ba da labari game da lafiyar ƙasa, domin zuwansa tsautsayi ne.

Me ke kawo su

Mutane da yawa sun ɗauka sanyi kawai tsuntsayen ke gudu, amma yunwa ce babban dalili. Idan hunturu ya shiga a arewacin duniya ƙwari kan mutu ko su ɓuya, tafkuna su daskare, yini ya gajarce har lokacin kiwo ya kasa isa. A daidai wannan lokaci ne ruwan damina ya gama kwanciya a fadamun Sahel, ciyawa ta zubar da 'ya'ya, fara ta yi ƙiba. An kiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke tasowa daga Turai kowace kaka su ƙetare zuwa kudu da Sahara, ban da agwagi da manyan tsuntsayen ruwa.

Tafiyar kanta abin dubawa ce. Bayan tekun Bahar Rum akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000 wadda ƙaramin tsuntsu ba zai samu abin kirki da zai ci a cikinta ba, saboda haka kafin ya tashi yakan tara kitse har nauyinsa ya kusan ninkawa, ya yi ta tafiya da dare, da rana ya laɓe a inuwar dutse. Akwai wani ɗan tsuntsu mai nauyin giram 25 kacal da aka bi sawunsa tun daga Alaska, ya ratsa Asiya ya sauka a gabashin Afirka, tafiyar kilomita kusan 14,500 zuwa kawai. Wuri na farko mai ruwa da ganye da mai ƙetare hamada zai tarar shi ne zirin Sahel: kogin Sanagal, fadamar kogin Kwara a Mali, dausayin Haɗeja da Nguru, da tafkin Chadi. Nan ne kuma masaukinsa na ƙarshe idan zai koma, inda dole ya sake tara kitsen a cikin Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa.

A nan itacen gawo yake da muhimmanci na musamman. Kowane manomi ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya toho da rani, saɓanin sauran itatuwa, kuma wannan hali nasa ya sa yake cike da fure da ƙwari a daidai watannin da baƙin suke nan. Masu binciken da suka bi Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace sun tarar baƙin sun fi taruwa a gawo da sauran itatuwan ƙaya, irin su bagaruwa da aduwa, yayin da darbejiya da turare, waɗanda aka fi dasawa a shirye-shiryen dashen itatuwa, ba su riƙe su sai kaɗan. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tohon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980, don taki da abincin dabbobi, sun yi wa waɗannan tsuntsaye hidimar da ba su yi niyya ba.

Zoben ƙafa da na'urar gadon baya

Turawa ma sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu ke tafiya, har akwai masanansu na da da suka rubuta cewa tsattsewa kan nutse cikin taɓon ƙarƙashin tafki ta kwana har bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klutz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Wani maharbin Afirka da ba a san sunansa ba ne ya ba su hujjar da suka rasa. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Hans Christian Mortensen ya fara ɗaura wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari, kuma wannan dabara ce ake bi har yanzu. Sunan birnin da ke jikin zobe, ko Landan ko Paris ko Mosko, adireshin ofishin da ke ajiye rajistar ne. Na'urar gadon baya kuwa, mai ɗan faifan hasken rana, abin da take aikawa shi ne inda tsuntsun yake da lokacin da yake wurin, ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya.

Zargin leƙen asiri bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a ofishin 'yan sanda a lardin Kina na Masar saboda na'urar da ke bayanta, wadda masu bincike suka ɗaura mata a Hangari. An sake ta bayan an gane gaskiya, ba da jimawa ba kuma aka tarar an yanka ta. Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na wata farar ungulu da aka sa wa suna Paskalis, wadda aka ɗaura wa na'ura tana 'yar tsako a dajin Dadiya na ƙasar Girka a 2013. Ta ƙetare teku da hamada lafiya ta sauka a kudancin Nijar, a farkon 2014 aka harbe ta, na'urar kuma ta ci gaba da aika saƙo har ta shigo Najeriya. Masu binciken da suka bi sawun sun gano cewa don kasuwar masu neman sassan ungulu aka kashe ta. Irin wannan ungulu 'yan ƙalilan ne suka rage a Girka, shi ya sa mutuwar guda ɗaya ta zama labari a can.

Zargin mutane ba ya rasa dalili, musamman a yankin da ya ga jirage marasa matuƙa da rashin tsaro, kuma ba a taɓa zama an yi wa jama'a bayani da harshensu ba. Laifin rashin bayanin ya fi komawa ga masu binciken da hukumomi fiye da maharbin da ya tsinci abin da bai taɓa gani ba.

Ƙidayar watan Janairu

Ƙirga tsuntsaye da hunturu tsohuwar al'ada ce a arewacin duniya. A Amurka an fara ƙidayar lokacin Kirsimeti a 1900, bisa shawarar Frank Chapman, don ta maye gurbin gasar harbi da ake yi a ranar. A Ingila ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta fara tun 1979 tana neman mutane su zauna awa ɗaya a ƙarshen Janairu su rubuta abin da ya sauka a harabar gidajensu, kuma dubban ɗaruruwa ke shiga. Wadda ta shafe mu kai tsaye ita ce ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, aka faɗaɗa ta zuwa Afirka a farkon shekarun 1990, kuma ƙungiyar Wetlands International ke tattara sakamakonta.

An zaɓi tsakiyar Janairu ne saboda a lokacin ƙaura ta tsaya, kowane tsuntsu ya zauna a masaukinsa, don haka idan aka ƙirga a Holan da Masar da Nguru cikin kwanaki ɗaya ba za a ƙirga agwagwa ɗaya sau biyu ba. Mai ƙidaya ba ya bin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya idan sun kai dubbai. Yakan ƙirga goma ya riƙe girman wurin da suka cika a idonsa, ya auna goma nawa ke cikin ɗari, sannan ya bi taron yana yanka shi ɗari-ɗari, abokinsa na rubutawa. Idan shaho ya gifta taron ya tashi, sai a jira su sauka a sake daga farko. Mai tuƙa kwalekwalen, wanda galibi masuncin garin ne, shi ya san lungun da kirinjijiya ke yini da inda dinya ke kwana, kuma ba don shi ba rabin aikin ba zai yiwu ba. Lambar da ake samu kiyasi ce, darajarta kuma tana cikin maimaitawa: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, shekara bayan shekara.

Lambobin suna da nauyi a doka. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta ɗauki dausayi a matsayin mai muhimmanci ga duniya idan yana riƙe tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin ɗari na wani jinsi. Ƙidayar da aka yi a Haɗeja da Nguru daga 1995 zuwa 1997 ta ba da tsakanin 200,000 da sama da 300,000 a kowace shekara, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wurin Ramsar na farko a Najeriya. Dagona da Baturiya sun biyo baya a 2008, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja, Nguru da Bade cikin jerin wuraren da take kulawa da su.

"Ba a cika ganinsa ba" magana ce mai fuska uku

Nan ne ruɗani ya fi yawa, domin idan aka ce an ga tsuntsun da ba kasafai ake gani ba, ana iya nufin abubuwa uku da ba su da dangantaka da juna.

Akwai wanda yake da yawa a gidansu, baƙo ne kawai a inda aka gan shi. A watan Fabrairun 1989 wani ɗan tsuntsu mai ɗorawa a fiffike, ɗan asalin Amurka, ya bayyana kusa da wani babban kanti a yankin Kent na Ingila, kuma a rana ɗaya mutane fiye da dubu biyu suka cika unguwar da madubansu. Tsuntsun bai nuna komai game da dazukan Ingila ba, ɓata ya yi. Saboda irin wannan ɗoki ne, da kuma sauƙin da ido ke da shi na ganin abin da zuciya ke so, Birtaniya ta kafa kwamitin tantance irin waɗannan rahotanni tun 1959, wanda ba ya karɓar labari sai da hoto ko cikakken bayanin kamanni da wuri da lokaci. Gani ya kori ji, amma a wannan fanni ganin ma sai an tantance shi.

Akwai kuma wanda ƙarancinsa na masu kallo ne. A Ingila da wuya a sami tafkin da ba a leƙa shi kowane mako, alhali a arewacin Najeriya da kudancin Nijar akwai ƙananan hukumomi da gundumomi da ba a taɓa rubuta jerin tsuntsayensu ba. Idan ɗalibi ya ɗauki hoton wani tsuntsu a Katsina aka ce shi ne karo na farko a jihar, mai yiwuwa tsuntsun ya shekara ɗari yana zuwa, marubucin ne sabo. Wannan giɓi ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da Jos, take ƙoƙarin cikewa ta shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai su shiga su rubuta duk abin da suka gani ta manhajar waya. Yadda ƙasar take da sauran abin ganowa ya fito fili a 1998, lokacin da aka bayyana wani jan ɗan tsuntsun duwatsun Jos a matsayin jinsin da kimiyya ba ta san shi ba sam. Rashin tsaro ya ƙara faɗaɗa giɓin: gaɓar tafkin Chadi ta Borno, inda aka yi manyan binciken ƙaura a Malam Fatori tun shekarun 1960, ta fi shekara goma ba ta ƙirguwa yadda ya kamata.

Na uku shi ne mai tayar da hankali, wato wanda a da yake ko'ina, yanzu ya zama abin nema. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa har sai an kore ta. Yau akwai manyan garuruwan Arewa da yaro zai girma bai ga ko ɗaya ba, kuma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu ta gari a matakin da ke dab da ƙarewa. Gauraka, mai kambin zinariya a ka, wadda a da ake gani garke-garke a fadamun Arewa, ta kusan ɓacewa daga dajin Najeriya saboda kamu don ajiyewa a gidajen masu hali da kuma bushewar makwancinta. Abin lura shi ne waɗannan biyun ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Ba kuma kwamiti ne ya fara lura da tafiyarsu ba, mahauta da makiyaya ne, sai dai babu wanda ya rubuta abin da suka faɗa da kwanan wata.

Ruwa ne ke yanke hukunci

A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da yake cika shingayen gonakinsu, ya ragu da fiye da kashi biyu bisa uku cikin shekara ɗaya. Sun duba gida ba su ga dalili ba. Daga baya aka gane cewa ruwan sama ne ya gaza a Sahel a 1968, farkon farin da ya kai ga yunwar 1973 da ta 1984. Tsuntsayen sun mutu a nan ko a hanyar komawa, kuma rajistar Turai ta nuna alamar masifar tun kafin duniya ta ji kukan mutanen da ta afka wa. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980.

A Haɗeja da Nguru fari bai zo shi kaɗai ba. An kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma su biyun suka canza yadda kogin Haɗeja ke tafiya. Ambaliyar da a da kan mamaye murabba'in kilomita 2,000 ko fiye ta ragu sosai, ruwan da a da kan zo da ƙarfi da damina ya janye da rani ya koma yana gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne yanayin da kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta sa wasu garuruwan na nutsewa wasu na ƙishi, ta kuma zama makwancin jan-baki. Agwagwar da ke buƙatar buɗaɗɗen ruwa marar zurfi ta rasa wuri a daidai inda masunci ya rasa inda zai jefa koma.

Masu goyon bayan madatsun suna da hujja mai ƙarfi: birnin Kano na shan ruwansu, kuma noman rani na Kadawa da Kura, da tumatir da shinkafa da alkamar da yake fitarwa, ya dogara da Tiga. A ɗaya ɓangaren, nazarin da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen wuta, kowace ma'aunin ruwa da aka bari ta isa fadamar tana samar da amfanin da ya ninka na wadda aka tare don ban ruwa a sama. Masu wannan ra'ayi ba rushe madatsu suke nema ba, sakin ruwa suke nema a kan lokaci da damina don a kwaikwayi ambaliyar da. A wannan muhawara ƙidayar tsuntsaye na cikin 'yan shaidun da ake da su masu dogon tarihi.

Manomi, maharbi da mai kaji

Manomin shinkafa da ya kwana yana kaɗa gwangwani ba zai ji daɗin a ce masa tsuntsu baƙo ne mai daraja ba, kuma asararsa gaskiya ce. Sai dai babban mai ɓarnar, jan-baki, ɗan Afirka ne, ba ya cikin masu zuwa daga Turai. Raf da gargani sukan taɓa shinkafa, musamman irin da aka watsa ko wadda ta makara ba a girbe ba, amma yawancin abin da suke ci hatsin da ya zube ne da 'ya'yan ciyawa da na bado. Wasu baƙin ma ma'aikatan manomi ne: akwai wani shaho mai tashi ƙasa-ƙasa da ke ƙyanƙyasa a gonakin Holan da Faransa ya yi hunturu a Nijar, wanda abincinsa a nan kusan duk fara ce, haka ma farar shamuwa. Feshin da ake yi wa jan-baki da jirgi, da guba mai suna fentiyon, ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma yakan kashe shaho da mujiya da ke cin gawar.

Maharba kuma na cewa sun gaji farautar agwagwa kaka da kakanni ba ta ƙare ba, kuma Turawan da ke wa'azi su ma suna harbin miliyoyi a ƙasashensu da gaɓar Bahar Rum. Maganar tana da gaskiya, kuma yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura ta 1995, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ba ta haramta farauta baki ɗaya ba, ta nemi a yi ta gwargwadon abin da jinsin zai iya mayarwa. Bambancin yana ga irin tsuntsun. Agwagwa na saka ƙwai takwas ko fiye a shekara, ungulun gari ƙwai ɗaya tak, kuma sai ta yi shekaru kafin ta fara. Harbin da agwagwa za ta jure zai share ungulu daga gari.

Batun murar tsuntsaye ya fi sarƙaƙiya. An tabbatar da nau'in H5N1 karo na farko a Afirka a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, a farkon 2007 kuma wata mata ta rasu a Legas. Cutar ta dawo a 2015 da 2021, kuma a Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa fiye da 700 a dausayin Juj na Sanagal. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta shigo Najeriya fiye da sau ɗaya, abin da ya yi daidai da hanyar tsuntsaye masu ƙaura, amma bai kore yiwuwar shigowa ta cinikin kaji da 'yan tsaki ba. Abin da masana suka fi haɗuwa a kai shi ne cewa ko da tsuntsun daji ne ya kawo ta, yaɗuwarta daga gona zuwa gona aikin motoci ne da kwandunan ƙwai da kasuwannin kaji masu rai, kuma hukumomin lafiyar dabbobi na duniya ba su goyi bayan kashe tsuntsayen daji ba, domin tarwatsa su kan ƙara watsa cutar.

Abin da ya rage a hannun mutumin gari

Ga mai kiwon kaji ko agwagin gida a kusa da fadama, watannin Disamba zuwa Maris su ne na tsare dabbobinsa daga shan ruwa ɗaya da na daji, kuma ganin tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya dalili ne na sanar da malamin dabbobi, ba tare da an taɓa su ko an kai su tukunya ba. Wanda ya tsinci zobe kuwa, abin da ake buƙata shi ne hoton da lambar ta fito sarai, da sunan garin da ranar, a aika wa cibiyar da ke Jos ko gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF. Ofisoshin da ke ajiye rajista sukan mayar da amsa da tarihin tsuntsun: inda aka ɗaura masa zoben, da shekarar, da nisan da ya yi. Idan yana da rai, a sake shi da zobensa.

Akwai kuma tambayar da masu kallon tsuntsaye na Arewa suka fara fuskanta yayin da yawansu ke ƙaruwa a jami'o'i da ƙungiyoyin sa kai, wato ko ya dace a bayyana ainihin inda aka ga tsuntsu mai ƙaranci. Wasu na ganin sanarwa ce ke jawo baƙi da kuɗin jagora da na kwalekwale, ta kuma sa mutanen gari su ɗauki tsuntsun a matsayin dukiyarsu, kamar yadda Dagona ta yi suna har Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989. Wasu kuma na nuna cewa a ƙasar da kan ungulu ke da farashi a kasuwa, hoton sheƙa da sunan ƙauye a Facebook taswira ce ga mai bindiga. Manhajar eBird, wadda jami'ar Cornell ta buɗe a 2002, ta ɗauki matsakaiciyar hanya: tana karɓar rahoton don amfanin masu bincike, amma tana ɓoye wurin ga jama'a idan jinsin na cikin waɗanda ake farauta don sayarwa. Ga agwagwa da raf da suka cika tafki, faɗin wuri ba ya cutarwa. Ga sheƙar ungulu ko 'yan gaurakin da suka rage, sunan jiha ya wadatar a bainar jama'a, sauran bayanin a miƙa shi ga masu ajiye rajista.